Tambaya Biyu a Kan Tsagar Agana

Shekarar da agana ta sake ɓulla a Dawce, ina sana'ar rini a Matameye, ina da ɗiya ɗaya mai shekara biyar. Uwarta agana ce ta ɗauke ta, damina uku kafin nan. Ba zan tsawaita a kan wannan ba.

Ranar kasuwa labarin ya iso, tare da wani wanzami daga ƙauyukan gabas. Ya ce akwai abin da kakanninsa ke yi: a ɗebo ruwan ƙurjin wanda cutar ta zo wa da sauƙi, a ɗan tsaga dantsen mai lafiya, a shafa. Mutum zai yi zazzaɓi, ƴan ƙuraje su fito, daga nan agana ba ta ƙara kama shi. Kafin azahar gari ya rabu biyu. Mu ma a marina mun bar zannuwa cikin baba muna ta musu. Mai gari ya ajiye wanzamin a zaurensa, ya ce gobe da hantsi kowa ya zo.

Ni karatuna bai wuce izu kaɗan ba. Matata ce ɗiyar malami, ta girma tana jin karatun tauhidi ta bayan zana. Wata rana tana tuƙa tuwo ta ce, "Maigida, wa ke dafa tuwon nan?" Na ce wuta. Ta yi dariya. "Allah ne. Wuta ba ta da ikon kanta. Amma Ya saba halittar dahuwa inda wuta take, shi ya sa nake hura ta. Baba yakan ce tambaya biyu ce: wa ke yi, da kuma me aka saba gani. Mutane kan yi faɗa, ɗaya yana amsa ta farko, ɗaya ta biyu." A lokacin na ce mata ita dai ta kwashe tuwo.

Da hantsi ƙofar gidan mai gari ta cika. Liman ya fara: "Cuta ta Allah ce. Wanda ya ce aska za ta tare ta, ya ba aska abin da yake na Allah."

Wani mahauci mai baki ya ce, "Allah gafarta Malam, to rubutun da ka ba ni na sha bara fa? Ko allo ya fi aska iko?"

"Kai da ko alwala sai an tuna maka?" in ji Liman. Aka fashe da dariya, sannan aka koma hayaniya.

Ina tsaye a baya, sai na ji abin sarai, kamar an zuba ruwa an wanke. Liman yana amsa tambaya ta farko, wanzami yana amsa ta biyu! Ba su ma haɗu ba balle su saɓa. Ban taɓa magana a gaban mai gari ba, amma na kutsa na durƙusa, hannuna shuɗi har gwiwa.

"Ranka ya daɗe, a ba ni izini. Allah gafarta Malam, in na saka fari cikin baba ya fito shuɗi, wa ya rina shi?"

"Allah."

"In na saka gobe, me zan gani?"

Liman ya ce, "Shuɗi. Wannan hukuncin al'ada ne. Wa ya koya maka?"

Na ce mai ɗakina, Allah ya jiƙanta. Ya ce amin, ya san mahaifinta. Ya gyara zama ya ce, "To, na yarda. In wanzami bai ce askarsa ke da iko ba, ba ni da ta cewa ta wannan fuska. Saura ta biyun. Me aka saba gani? Kai wanzami, ka ji tsoron Allah: ana mutuwa?"

Wanzamin ya sunkuyar da kai. "Wani lokaci akan mutu, Malam. Amma ba kamar wadda ke zuwa da kanta ba."

Mai gari ya ce duk wanda aka taɓa yi wa tsagar ya nuna. Sai mahaucin ya naɗe hannun riga. Sai wani tsohon maƙeri. Sai ladan da kansa, yana kallon ƙasa, ya ce kakarsa ce ta kai shi yana yaro. Wuri ya rikice da shewa. Aka riƙa tambayarsu ɗaya bayan ɗaya wace agana suka ratsa, su wa suka rasa a gidajensu. Ban taɓa ganin mutanen garinmu suna sauraron juna haka ba. Murna ta cika ni.

Mai gari ya yanke: ba a hana ba, ba a tilasta ba. Wanda ya so, a yi masa a bukkoki bayan gari, kada ya shigo sai ya warke. Liman ya ce shi nasa ƴaƴan ba zai kai ba, kuma ba wanda ya zarge shi.

Da na koma gida murnar ta kwanta. Maganar matata ta raba mini tambayoyin, amma zaɓin ta bar mini, kuma na ji abin da wanzami ya amsa. Kwana biyu ina juya shi. A na uku na saɓa ɗiyata a kafaɗa muka fita bayan gari. Ni na riƙe dantsen.

Ta yi zazzaɓi mai zafi. Ƙuraje suka fito a hannu da goshi, na riƙa ƙirga su kowace safiya. Ranar da suka fara bushewa ta tashi zaune, ta yamutsa fuska, ta ce, "Baba, kitson nan ƙaiƙayi yake. Ka kwance mini." Ban iya ba, na yi ta ja tana tsaki. Bayan mako biyu muka shigo gari, tana tafe da ƙafarta.