Naira Goman Da Ta Kai Ni Paki

Daga masallacin asuba muka kama hanya daga Zariya, ni da abokina mai mota. Ni dai an san halina: tara tsofaffin takardun kuɗi da aka yi kuskure wajen buga su. Matata tana kiran abin hauka, ban taɓa musu ba. To, an ba ni labarin wani dattijo a Paki, wai yana da tsohuwar naira goma ta takarda wadda bayanta fari fat, injin bai buga komai ba. Shekara da shekaru nake neman irinta, sai na aika masa saƙo cewa ina tafe in gan ta. Daren tafiyar ko barcin kirki ban yi ba.

A Hunkuyi muka karya da koko da ƙosai mai zafi, ana ta sauke buhunan masara. A Makarfi abokina ya cika bayan mota da rake da mazarƙwaila, wai araha ce ta ja shi, ni kuwa sai ƙorafi nake yana ɓata mini lokaci. Daga Ikara hanya ta fara jijjiga mu, gonakin tumatir hagu da dama.

Dattijon ya tarbe mu da fara'a. Aka shimfiɗa tabarma, aka gaisa har da tambayar damina da dabbobi, aka kawo fura. Ni dai zuciyata na wajen takarda. Can ya ciro ta daga cikin hularsa, ya miƙo mini da hannu biyu. Na juya bayanta.

Wayyo ni! Ga matan Fulani biyu da ƙoren nono, an zana su raɗam da fenti, har da saniya a gefe.

"Baba, ina farin?"

Ya ce, "Haba ɗana, baƙo zai taso tun daga Zariya in nuna masa abu rabi? Makarfi na kai wa mai rubuta allon shaguna ya cike mini. Saniyar ma kyauta ya ƙara."

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa, don abin da na zo nema ya tafi har abada. Amma da na kalli yadda yake murmushi yana jiran in yaba, sai dariya ta ƙwace mini. Abokina har da kwanciya a tabarma. Na yi wa Baba bayani, ya riƙe baki, shi ma ya fashe. Na nemi in saya, ya ce ai domina aka gyara ta, kyauta ce.

Da la'asar muka iso gida. Abin da na koyo shi ne, in zan aika saƙo, in riƙa cewa a bar mini abu yadda yake. Takardar kuwa a gaban sauran takarduna na sa ta. 'Yan'uwana masu tarawa sun ce ba ta da sauran daraja, amma duk cikin tarina ita kaɗai ce wani ya yi wa ɗawainiya domin ya faranta mini.