Yadda Dukkar Masar Ta Koma Ƙuli-ƙuli a Hannun Anti

Safiyar Asabar na fito daga wanka na tarar da Anti Hauwa, wadda nake zaune a gidanta, a kicin tana kirɓa turmi, mai har yana ƙyalli a jikin taɓarya.

Abin da na bari a turmin dukka ce, haɗin gyaɗa da riɗi da kayan ƙamshi da mutanen Masar ke ci da burodi. Mahmud abokin aikina ya koya min, ya ce ɓarzawa kawai ake yi. Na gama cika masa baki cewa na iya, ga shi ya taso daga garin Sedgefield zai zo ɗanɗanawa.

Na ce, "Anti, ai ba a kirɓa ta!"

Ta ce, "Wannan tsakin kajin ka kira daka? Baƙo ya shigo gidana ya ce ba mu iya riƙe taɓarya ba?"

Dukka dai ta zama tunkuza. Sai na miƙa mata kasko. Ta matse man, ta murza, ta soya ƙuli-ƙuli.

Da Mahmud ya iso ya gutsura, ya daɗe yana taunawa, ya ce wannan ba dukka ba ce, amma a ƙulla masa wanda zai kai wa iyalinsa. Anti ta dube ni ta ce, "Ka ji ko? Malamin naka ma ya sallama."

Jama'a, na ci jarrabawar ko na faɗi? Mai musun labarin nan ya tambayi Alhaji mijinta, da Baturiyar ƙasan benenmu da ta hawo jin abin da ke girgiza mata silin.