Gaiwar da Kawu Ya Kawo a Buhu

Ina jegon ɗana na fari a gidan Inna da ke Zongo, Kawu ya zo mana barka daga baraji. Haka muke kiran madatsar ruwan Nangbeto da ke kan kogin Mono, can wajen Atakpame, inda ya daɗe yana su. Yayan Inna ne, kuma a duk danginmu shi kaɗai ya riƙe sana'ar kakanni. Sauran tun da iyayensu suka sauka Lome suka faɗa kasuwa, wasu atamfa, wasu goro. Ni kuwa haihuwar nan ce, lekol na yi, wato boko, kifin da na sani bai wuce na teku da ake bandawa a Bagida ba, sai na ƙanƙara da ake sayarwa a kwali.

An riga an yi suna lokacin da ya iso. Ƙarshen rani ne, zafi ya hana kowa sakat. Ya sauko daga bayan zemijan da hantsi, rungume da buhu, mai babur ɗin yana mita wai dutse aka ɗora masa. Kawu ya karɓi yaron ya tofa masa addu'a, ya sha ruwa, sannan ya kwance bakin buhun. Ya fara fito da bandar tarwaɗa. Daga ƙasa kuma ya ciro wani curin busasshiyar laka, ya kai girman kabewa, an naɗe shi da ciyawa.

Inna ta dafe ƙirji. "Yaya, gaiwa ce? Rabona da ganin wannan tun ina yarinya."

Na ce, "Kawu, ƙasa ka kawo mini?"

"Farfesunki na kawo miki, ɗiyata. Mai jego sai da ɗanyen kifi, ɗanyen kifi kuwa ba ya jure motar Atakpame a wannan zafi. Wannan ko wata zai yi a hanya babu abin da zai same shi."

Na ɗauka tsokanata yake yi, don Kawu mutum ne mai barkwanci. Sai ya juya curin ya nuna mini wata 'yar kafa a samansa, ba ta wuce a zura tsinken tsintsiya ba. Ya ce in kara kunne. Na kara, shi kuma ya ɗan ƙwanƙwasa gefen da yatsa. Daga cikin ƙasar nan busasshiya, wadda ta yi tauri kamar bulo, na ji wani ɗan gurnani. Na ja da baya har yaron ya firgita a cinyata.

Ya ce a kawo babban daro, kuma a cika shi da ruwan rijiya, ban da na famfo, don akwai magani a ciki. Ya saka curin a hankali, ya wanke hannu, ya ce yanzu sai jira.

A cikin wannan jiran ne na fara jin yadda Kawu yake rayuwa. Ya ce idan rani ya yi nisa ruwan baraji yakan ja baya, ya bar fadamu suna tsagewa. Sauran kifaye su bi ruwa, wanda ya makara tsuntsu ya ci. Gaiwa kuwa ba ta gudu. Sai ta nutsa cikin taɓo tun yana da laushi, ta naɗe jikinta, ta fitar da wani yauƙi da zai bushe ya zame mata riga, ta bar 'yar kafar nan ta shan iska. Haka za ta kwana har ruwa ya dawo. Shi kuma sai ya bi fadamar da sanda da fartanya, yana duba ƙasa, yana saurare.

Ya ba mu labarin tafkin kansa. Ya ce kafin a tare kogin daji ne da gonaki a wurin, kuma har yanzu itatuwan suna tsaye a ƙarƙashin ruwa, su ne suke yaga musu raga. Da safe idan ruwa ya kwanta, kana cikin kwale-kwale kana kallon rassa a ƙasanka, karfasa suna shiga suna fita tsakaninsu kamar tsuntsaye. Ya ce ya taɓa kama giwan ruwa da sai da suka jawo ta zuwa gaɓa da igiya, don da sun saka ta a jirgi da ya kife. Inna ta ce, "Yaya, ka rage." Ya ce, "Wallahi ragewa na yi."

Maƙwabciyarmu ta shigo aron turmi ta tarar da mu zagaye da daro. 'Yar ƙabilar Mina ce, Maman muke ce mata, kuma sana'arta ke nan bandar kifin teku. Da aka gaya mata abin da ake jira ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce ita a cikin kifi aka haife ta, ba ta taɓa jin wanda yake kwana a tudu ba. Amma ba ta tafi ba. Ta jawo kujera ta manta da turmin.

Wajen azahar lakar ta fara saki, ruwan ya koma ja. Kawu ya sa hannu yana ɓanɓare ta kaɗan-kaɗan, har wani abu ya bayyana mai kama da busasshen ganyen ayaba da aka dunƙule. Ya canza ruwan. Rigar ta jiƙa, ta yage da kanta, sai ga kifin a ciki a lanƙwashe, wutsiya ta rufe kai. Ba motsi. Launinsa launin ƙasa, fatarsa a yamutse. Maman ta ce, "Ai matacce ne." Ni ma haka na gani, har na ji tausayin Kawu.

Su Inna suka yi sallah suka dawo, yana nan yadda yake. Na zauna ina ba yaron nono, idona a kan daron. La'asar ta kusa sai na ga wutsiyar ta zame daga kan kai. A hankali jikin ya miƙe, ya fi tsawon hannuna daga gwiwa zuwa yatsu. Wasu siraran abubuwa kamar zare suka ware a gefensa suna lilo. Sai ya taso, ya fito da baki saman ruwa, ya buɗe, ya ja iska da ƙara, irin ajiyar zuciyar mutumin da ya tashi daga barci mai nauyi.

Maman ta yi ihu da yarensu ta miƙe tsaye. Inna tana ta maimaita subhanallahi. Da safe na riƙe abin nan a hannuna, ƙasa ce, ƙura ma ta zuba mini a zane. Yanzu ga shi yana kallona da ƙananan idanu. Sai da hawaye ya ɗiga a goshin yaron na san kuka nake yi.

Kawu ya ce, "To, alhamdu lillahi. A ba ni wuƙa."

Na ce, "Kawu, don Allah a'a."

"A'a me? A cinyata na riƙo ta tun daga baraji."

"Ba zan iya ci ba."

Ya dubi Inna yana neman ta sa baki. Inna ta ce, "Yaya, ƙyale ta. Ga tarwaɗa nan, ta isa." Ransa bai so ba, ya girgiza kai ya ce 'ya'yan Lome sai addu'a. Amma shi da kansa ya ɗauke ta ya kai kwamin siminti da ke bayan madafa. Ya gargaɗe mu kada kowa ya sa yatsa, don cizonta ba wasa. Ya kuma ce kada a kuskura a rufe kwamin har ya taɓa ruwa, don idan ba ta samu ta leƙo ta sha iska ba, nutsewa za ta yi ta mutu. Maman ta ce yau ta ji na biyu, kifin da ruwa yake ci.

Kawu ya koma bayan 'yan kwanaki. Da yake haihuwar fari ce, Inna ta riƙe ni har bayan arba'in da daɗewa, ni ce mai ba gaiwar abinci: dodon koɗi, hanjin kaza, wani lokaci tana. Maigidana idan ya taso daga shago a Adawlato, kafin ya karɓi ɗansa sai ya leƙa kwami. Matan unguwa suka riƙa zuwa barka karo na biyu don su ga gaiwar. Ta murmure, fatar ta yi sumul, ɗigo-ɗigon baƙi suka fito a jikinta.

Damina ta kama da ƙarfi a shekarar. Wata safiya kogin Ziyo ya yi ambaliya, ruwa ya biyo lunguna ya shigo mana tsakar gida har gwiwa. Muna ta ɗora katifu da buhun masara a kan tebur, yaron yana goye a bayana, hannuna ɗauke da akwatin Inna, sai na gan ta. Ruwa ya shafe bakin kwamin, ta fito, tana tafe a tsakar gida ba gaggawa, ta ratsa tsakanin takalma da kofunan roba da ke yawo. Na ƙwala wa Inna kira. Ta leƙo da tukunya a ka. Babu mai hannun da zai tare ta, kuma ban ji ina son a tare ta ba. A bakin zaure ta ɗago ta sha iska, sannan ta bi ruwan ta fita titi.

Ruwan ya janye bayan kwana biyu ko uku, ya bar mana taɓo har cikin ɗaki. Yaran unguwa suka yi ta kama ƙananan karfasa a lambatu da tsohon gidan sauro, na riƙa leƙa bokitansu idan sun wuce, ba ta ciki. Muka wanke gida, muka shanya kaya a kan katanga, kuma a makon da ya biyo Inna ta raka ni ɗakina a Kege.