Mama Tafinta da Maganar da Aka Ce Ta Ɓoye

Ranar Lahadi, tun kafin mawaƙa su gama gyaran murya, Mama Tafinta ta riga ta shiga coci tana jan benci. Kullum sai ta tarar masu shara sun tura shi lungu, kullum kuma sai ta jawo shi bakin taga, don kurame ba sa jin wa'azi sai da haske. Ta cire zobe da awarwaro ta jefa a jaka, ta gyara baƙar rigarta marar ado, wadda ta zaɓa don hannuwanta su fito sosai. Daga nan babu zama. Fasto na magana, ita tana juya maganar da yatsu da fuska da kafaɗa. In ya ɗau zafi yana sauri, sai ta harare shi ta gefen ido. Ta taɓa ce masa, "Fasto, kai bakinka kaɗai ke aiki. Ni har ƙuguna wa'azi yake yi. Ka riƙa tausaya mini."

A wurin ƙanwarta ta koyi maganar hannu, tun suna yara, don da kurumta aka haifi ƙanwar. Daga gida abin ya bi ta coci, daga coci ya bi ta asibiti, ofishin 'yan sanda, taron iyayen yara, duk inda kurma zai tsaya gaban mai ji. Da wuya ka gan ta ta gama cin abinci a zaune. Shekarun da ta yi a haka sun fi na wasu fastocinmu a duniya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar Tela, wani kurma mai shagon ɗinki, mai mata da 'ya ɗaya. Ciwon ciki ya matsa masa, Mama ta raka shi asibiti tare da yayansa. Da sakamakon gwaji ya fito, likita ya kira yayan da Mama gefe, ya ce ciwon ya riga ya yaɗu, magani sai dai na rage zafi. Ya ce su dawo da shi a yi masa bayani.

Suna fita baranda yayan ya sha gabanta. "Mama, don Allah, in mun dawo, duk abin da likita ya faɗa, ki ce masa gyambon ciki ne, zai warke. Wa zai sani? Likita ba ya gane hannu, ƙanena ba ya jin baki."

"Ɗana, ni zan sani."

"Na fi ki sanin ƙanena. In ya ji, a ranar zai kwanta ba zai ƙara tashi ba. Kina so ki kashe shi?"

Da wannan tambayar ta koma gida, tambayar kuwa ta hana ta sakat. Ta ɗora tukunya ta manta da ita har ta ƙone. Ta durƙusa addu'a, kafin ta kai amin ta miƙe tana zagaya ɗaki. In ta yi ƙarya, hannun da kurame suka yarda da shi kamar kunnensu ya ci amanarsu. In ta faɗa, wataƙila yayan ne ke da gaskiya, mutum ya karaya saboda ita. Ta shiga mota har unguwar su Tela, ta hango shi ta ƙofar shago yana taka keke yana dafe ciki, ta wuce kamar wadda ta ɓata hanya.

Ta je wurin Fasto tana fata ya yanke mata. Ya ce, "Mama, ba ni da amsar da zan miƙa miki. Amma Ubangiji ba ya rowar hikima. Mu roƙa." Suka roƙa. Ta fito ba abin da ya sauya, har da ɗan haushinsa a ranta. Duk da haka ba ta daina ba. Tana wanki tana roƙo, tana layin mota tana roƙo, wani lokaci da baki, wani lokaci da hannu, har maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga ta ce, "Yau kuma da wa ake faɗa?"

Tana shanya ne abin ya faɗo mata. Ita da yayan da likita, kowa na ta auna abin da Tela zai iya ɗauka, ba wanda ya tambayi Tela. Ta bar kayan a bokiti ta nufi gidan yayan.

"Ba zan yi masa ƙarya ba," ta ce. "Ba kuma zan faɗa masa a bayan idonka ba. A gabanka zan tambaye shi ko yana so ya ji komai. In ya ce a'a, na naɗe hannuna."

Yayan ya ce kada ta ƙara taka musu gida. Ta tafi, ta dawo. Ta gaishe shi daga bakin ƙofa, bai amsa ba, ta sake dawowa. Ana haka Tela ya fara ture magani, don ba wanda zai gaya masa na mene ne. Yayan da kansa ya aika a kira ta.

A ɗakin likita ta tsaya inda Tela zai ga fuskarta, ta yi masa tambayar. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗaga hannu, Mama na faɗa da baki: "Duk wanda ya shigo wurina bakinsa na dariya, idonsa ja. Ni kurma ne, ba makaho ba. Ku faɗa mini."

Likita ya faɗa, ta juya, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Tela ya buga bango da hannu, ya juya mata baya. Kurma in ya juya maka baya, ya rufe magana ke nan. Yayan ya ce, "Kin gani ko?" Ta koma gida ba ta san ko daidai ta yi ba.

Bayan kwanaki matar Tela ta zo da saƙo: yana nemanta, yana da magana da yayansa. Ashe tun tasowarsu ba su taɓa hira ba, sai nuni da ɗaga kai. Mama ta riƙa zama tsakaninsu da yamma. Aka yi maganar karatun yarinya, da wanda za a ba keken ɗinki, da wata tsohuwar rigima kan akuyar da aka ce Tela ne ya bari ta ɓata, har suka yi dariya. Wata rana yayan ya ce, "Mama, yaya ake cewa ina nan tare da kai?" Ta kama yatsunsa ta lanƙwasa. Ya yi shi a karkace, Tela ya kama hannun ya gyara masa. Tela ya rasu bayan 'yan watanni, hannunsa cikin na yayansa.

Har yau in an ɗauko zancen, Mama takan ce, "Da na bi ta wata hanya, ko da bai sha wannan kukan ba?" Ba ta taɓa cewa ta iya ba.

Yanzu gaɓoɓin yatsunta sun kumbura, likita ya ce ta huta, ikilisiya ta sallame ta da addu'a. Mata biyu da ta koyar sun karɓi aikin. Hutun dai sai a hankali: tana zaune, hannuwanta na motsi a cinya suna gyara musu kuskure.

Mama, ke ce kunnen waɗanda muka saba wucewa da ɗaga hannu kawai. Ke ce kika tsaya a inda ƙarya ta fi sauƙi, ba mai kama ki, kika yi ta ƙwanƙwasa ƙofar Ubangiji har ya nuna miki tambayar da ta dace. Mun gode. Allah ya sanyaya miki waɗannan yatsu.

Mu kuma, ranar da shawara mai nauyi ta hana mu zama, kada mu ruga ga wadda za ta fi saurin sauke mana kaya. Mu roƙa, mu jira, mu sake roƙo. Kuma tun Mama na da sauran ƙarfin lanƙwasa yatsun mutum, ku je ta koya muku ko da gaisuwa ce. Akwai masu jiran a yi musu ita.