Faya-fayan Alhaji Nasirudeen

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, 2025, labari ya iske ni a garin Laurel na Amurka cewa ka amsa kiran Ubangiji, Alhaji Nasirudeen. Ni Ladan, da na koyi riƙe alƙalami bayan furfura ta cika mini kai, na ga wajibi ne in rubuta, tunda masu digirinmu sun yi shiru.

Ka baro Kumasi kana saurayi, ka sami aikin dako a wani kantin waƙoƙi a Washington. A kafaɗarka faifan CD ya fara shiga kantin a 1983, lokacin mutane na jujjuya shi suna neman inda allurar garmaho za ta hau. Masu kamfani suka ce wannan faifai ba ya tsufa. Ka gaskata su. Da na'urar kwafa ta samu daga baya, ka bi gidajenmu kana karɓar tsofaffin kaset, kana juye muryoyin iyayenmu a kan faifai, kyauta. In na miƙa hannu zan ɗauki faifai sai ka ce, "Malam Ladan, a gefe ake riƙewa, ba ƙosai ba ne."

Muka zubar da kaset ɗin, muka bar maka ajiyar faya-fayan. Ba ka rubuta suna a kan ko ɗaya ba, wai tawada tana cin faifai. Kai kaɗai ka san na kowa. A cikinsu akwai muryar mahaifiyata tana waƙar daka, kuma ba ni da wata.

Ranar sadakar uku na tarar da akwatunan faya-fayan a bakin garejinka. Ɗanka Faizal ya shaida mini, da Turanci, cewa rabinsu sun daina magana, sauran kuma motar shara suke jira. Mutanen da ka yi wa hidima suna zaune, kowa na latsa waya, babu wanda ya ɗaga kai. Kamfanoni sun yi maka ƙarya, mu kuma mun yi maka butulci.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Hajiya Azaratu, da Faizal, da 'yarka Mufeeda.

Hajiya, Allah Ya ba ki haƙuri. Don Allah kada a fitar da akwatunan nan bakin titi. Zan zo in saurare su ɗaya bayan ɗaya, ko tsohuwata tana cikin waɗanda ba su yi shiru ba tukuna.