Ranar da Labarina Ya Yi wa Ɗalibai Yawa a Kamarawa

Ban taɓa mantawa da ranar da mai duba azuzuwa ya zo ganin ajina na yaƙi da jahilci a Kamarawa ba. Bayan girbi ne, an gama kai gero rumbu, magidanta sun samu sararin zama. Lokacin ina ƙaramin malami, ɗalibaina shida ne, manoma da 'yan kasuwa, kuma duk sun girme ni.

Ganin allo da alli kaɗai na sa su hamma, sai na shigo da wasan labari. Ana zama a kewaye da tebur, ni ne mai jan labarin, kowa kuma da katin mutumin da yake wakilta: wannan madugu, wato shugaban ayari, wancan jagaba mai nuna hanya. Idan ayari ya shiga matsala, mutum ya faɗi abin da zai yi, ya jefa ƙwayar lido. Huɗu zuwa shida ya yi nasara, ƙasa da haka ya gamu da cikas. Dabarar ita ce, ba a wuce gaba sai an karanta katin da na miƙa.

To, ƙwayar nan ce ta jawo magana. Wani ya kai ƙara ofis cewa caca muke yi. Aka turo Malam Sahabi, wanda rahotonsa ne ke sa a bar aji ko a rufe shi.

Don in burge shi, kwana uku ina shirya labari. Ayari ne zai kai gero Nijar ya dawo da kanwa. Na sa an sace raƙumi, na sa wasiƙa ta ɓata, na ƙara 'yan'uwa biyu masu gaba da juna, da rijiya mai sirri, da wani baƙo da ba a san nufinsa ba. Mutum goma sha ɗaya na ƙirƙira, biyu ma sunansu Hassan.

Malam Sahabi ya zauna a gefe da littafinsa, fuska ba walwala. Muka fara. Kafin a yi nisa sai na ga ɗalibai sun fara rikicewa. Bawa, manomin da ya fi kowa shan wuyar karatu, ya juya katinsa ya ce, "Malam Lawali, wanga Hassan, na rijiya ne ko na kasuwa?"

Na buɗe baki in amsa, sai na tarar ni ma sai na duba takarda. Alƙalamin Malam Sahabi kuwa na ta tafiya.

Alhaji Nomau, madugunmu, wanda ya yi shekaru yana fatauci a wannan hanyar, ya ajiye ƙwayar ya ce, "Malam, taura biyu ba ta taunuwa, kai ko bakwai ka zuba muna. Ni ban san mi muka biɗa ba, raƙumi ko wasiƙa."

Na tattara katunan da suka rage na cusa a aljihu, na ɗauki alli na ce, "Alhaji, laifina ne. Kowa ya faɗa mini abin da ya riƙe."

Suka yi ta faɗa, abu uku kawai suka tsaya a kan kowa: raƙumi ya ɓata, ruwa saura na kwana biyu, sawu ya yi gabas. Na ce su tashi su rubuta a allo da hannunsu. Suka rubuta, wani na gyara wa wani harafi. Na ce, "Daga yanzu wannan ne labarin. Hassan ɗaya ne, shi ne mai rijiya, kuma ba mu da mai riƙe katinsa."

Alhaji Nomau ya waiga ya ce, "Ga baƙonmu zaune ba aikin komi. Ranka ya daɗe, taso ka tsare rijiya."

Na ɗauka zai ƙi. Sai ya rufe littafin ya jawo kujera.

Nan wasa ya tashi. Ayari ya isa rijiya, mai rijiya ya ce ba mai shan ruwa sai an karanta masa takardar da aka tsinta a bakin hanya. Takardar ta faɗa hannun Bawa. Ya ƙura mata ido, ya sa yatsa, yana bin harafi ɗaya bayan ɗaya. Can ya ce, "Ra-ƙu-mi ya-na ba-yan tu-du." Ya ɗago kai ya ɗaga murya ya ce, "Yana bayan tudu! Ni na karanta!"

Aji ya kaure da sowa. Malam Sahabi ya ce shi ma za shi rakiya, ya jefa ƙwaya don ya kamo raƙumin, ta ba shi ɗaya. Na ce, "Ranka ya daɗe, raƙumi ya watsa maka ƙasa ya ƙara gaba." Ya yi dariya har da share hawaye, yana cewa a ba shi ƙwayar ya sake.

Da muka tashi ya kira ni gefe ya ce, "Za ni rubuta cewa karatu na gani, ba caca ba. Amma da ka ci gaba da Hassan biyun nan, da ni kaina na rufe ajin."

Ku da kuke shigowa aikin nan yanzu, abin da na ɗauka daga ranar ke nan. Na shirya labarin ne don a ce na iya, na manta da masu zama a teburin. Tun daga lokacin matsala ɗaya nake ajiye musu, in sun warware ta in fito da wata. Kuma magidancin da ya bar aikinsa ya zo koyon baƙi, in ya ce ya ɓace, ku tsaya ku saurare shi, domin galibi malamin ne ya bar hanya.