Shafukan da Tela Ya Ɗinke

A shekarun da nake koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta Barmu, da zarar an ba da hutu sai in kama hanyar Tawa, kuma kafin in gama gaida dangi ƙafata ta kai ni shagon wani tela a bayan kasuwa. Ba ɗinki ke kai ni ba. A ƙarƙashin teburinsa akwai wata akwatin ƙarfe cike da littattafan binciken kisa, waɗanda muke ce wa polisiye, duk da Faransanci. Yawancinsu ƴan ci-rani ne ke zuwa da su daga Abijan, wasu ba bango, wasu sun sha mai har takardar ta zama kamar ta tsire. Bayan la'asar mukan taru a ƙofar shagon, a ɗora shayi, kowa ya fito da wanda ya gama, a hau gardama.

Mu huɗu ne ba ma fashi. Tela da kansa, wanda karatunsa a hankali yake, yana bin layi da yatsa, amma ba ya mantuwa. Sai wani direba mai jigila tsakanin Tawa da Takanamat, wanda duk littafin da ba a yi tseren mota a cikinsa ba, a wurinsa ɓata takarda ne. Sai ni. Sai kuma dattijonmu, tsohon ma'aikacin asibiti da ya ajiye aiki, wanda kowa ke kira Majo.

Gardamarmu ba ta ƙarewa. Direba yakan tura mini littafi ya ce in ban karanta wannan ba, ban karanta komai ba, in kai gida in tarar harbe-harbe ne daga farko har ƙarshe, mai laifin ma tun shafi na goma ya bayyana kansa. Ni kuma na fi son waɗanda ake tara mutane a gida ɗaya, kowa da abin da yake ɓoyewa. Tela abin da ke ɗaure masa kai dabam ne. Ya kasa gane yadda za a kashe mutum a unguwa, a kwana uku maƙwabta ba su sani ba.

"Wai su ba su da tsohuwa a unguwa?" in ji shi. "Nan Tawa, komiser na ƴan sanda bai kai ga ɗaura takalmi ba, tsohuwar gidanmu ta hwaɗa mishi wanda ya yi, da dalili, da sunan kakanshi."

Ni ma abin ya daɗe yana ba ni mamaki, yadda mutanen littattafan nan ke zama kowa a ɗakinsa a kulle, ba mai leƙa wani, har sai wari ya tashi. Wataƙila shi ya sa muke son su. Muna leƙa wata duniya ce da ba mu san kanta ba.

Muna da wata doka wadda ban taɓa jin irinta a wani wuri ba, kuma direba ne sanadinta. Shi ba ya iya haƙuri. Yakan fara buɗe ƙarshen littafi ya ga mai laifi, sannan ya zo yana mana murmushin na-san-wani-abu har ya ɓata wa kowa karatu. Da abin ya ishi Tela, sai ya ɗauki allura da baƙin zare. Duk littafin da ya shigo akwatin, sai ya kama babin ƙarshe ya ɗinke bakinsa wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa. Ka karanta har ka iso ɗinkin, ka dawo gaban jama'a ka faɗi wanda kake zargi da hujjarka. Sai kowa ya faɗi nasa sannan Tela ya sa almakashi, a karanta babin a bainar kowa. Wanda ya kuskure shi ke shan tsiya har sati ya zagayo.

Majo bai taɓa shan wannan tsiyar ba. Tun da aka kafa dokar, ko sau ɗaya bai kuskure ba. Yana da wani ɗan kaye da yake rubuta abubuwa a ciki in yana karatu, kuma na sha neman ya nuna mini, yana cewa sai na girma. Ina da mata da ƴaƴa biyu a lokacin. Na yi ta ƙoƙarin gano dabararsa, in karanta littafin da ya gama in ga inda ya lanƙwasa shafi, ban taɓa gano komai ba.

Akwai wasu littattafai guda bakwai masu bin juna waɗanda suka fi kowanne shiga ran Majo, kuma shi ya sa mu duka muka karanta su. Labarin wata mata ce komiser a wani gari mai sanyi a bakin teku. A kowane littafi takan warware wani kisa, amma tun a na farko akwai abin da ya gagare ta: wani ya huda jirgin ruwan mahaifinta ya nutse da shi, kuma ba a san ko wane ne ba. An ce sai a na bakwai za a bayyana. Shida muke da su. Mutum uku ake zargi: mataimakinta a wurin aiki, da likitan garin, da wani mai gidan burodi, aminin mahaifinta, wanda kullum da safe yake ajiye mata burodi mai zafi. Direba ya rantse likita ne. Majo kuwa duk lokacin da aka ambaci likitan sai ya ɓata rai, ya ce a bar masa ɗan'uwansa ma'aikacin lafiya ya huta. Amma bai taɓa faɗin nasa zargin ba. Ya ce sai ya ga na bakwai da idonsa. Shekara huɗu muna saƙo wa duk wanda zai tafi Abijan.

A wani babban hutu, farkon damina, ƙanen Tela ya dawo gida noma daga Abijan, ya zo da na bakwai ɗin a ƙasan jaka. Ranar har direba sai da ya fasa lodin yamma. Tela ya ɗinke shi nan take muna kallo, ya miƙa wa Majo, don shi ya cancanci farawa.

Bayan kwana biyar Majo ya dawo da littafin, ya ajiye a kan tebur ya ce hidima ta yi masa yawa, wani ya fara. Muka dubi juna. Da ya tafi sallar magariba, Tela ya jawo ni gefe ya gaya mini abin da ya ji daga ɗiyar Majo: yanar ido ta rufe masa guda ɗaya, ɗayan ma ya fara hazo, ba ya iya raba layi da layi. Ya hana a gaya wa kowa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na tuna yadda kwanakin baya yake karɓar kofin shayi yana laluben hannun mai miƙowa, ni kuma ban kula ba.

Washegari na same shi a zaurensa da littafin a hannu. Na san in na ce na zo in taimake shi, zai kore ni. Sai na ce:

"Baba Majo, ɗalibaina na ta dariyar yadda nike hurta Faransanci. Ko za ka bari in riƙa karanta maka wanga, kana gyara mini?"

Ya kira ni da sunan da ake kiran malamin lakwal a wajenmu, ya ce, "Mushe, ƙaryarka ba ta da gishiri. Zamna ka hwara."

Haka muka fara, kullum daga azahar zuwa la'asar. Yakan kishingiɗa ya rufe ido, kayensa a kan ciki, ko da yake ba ya iya rubutu a ciki kuma. Can sai ya ɗaga hannu ya ce in koma baya. "Mi tac ce tana sanye da shi?" Ko kuma, "Wa ya riga wani shiga ɗakin?" Na ji daɗin kwanakin nan ba kaɗan ba, don a karon farko ina kallon yadda kansa ke aiki. Abin da ni zan wuce a guje, shi a nan yake tsayawa.

Saboda jikokinsa masu ɓarna, da littafin nake komawa gida kullum. A nan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Rana ta biyu, ina zaune ina juya shi a hannu, sai na lura idan aka matsa gefen littafin, shafukan da ke tsakanin ɗinki da ɗinki sukan buɗe baki kaɗan kamar aljihu. Na ajiye shi. Na je na sha ruwa, na dawo na sake ɗauka. Na ce wa kaina ai ban taɓa zaren ba, kuma layi ɗaya kawai zan gani. Ni da na fi kowa zagin direba a kan wannan hali. Zuciya dai ba ta da ƙashi. Na karkata shi wajen haske na leƙa, na ga komiser tana sa wa mai gidan burodi ankwa.

Na rufe da sauri, kamar rufewar za ta mayar da abin da na gani. Na lallashi kaina da cewa ba wanda na cuta. Zaren na nan yadda yake, bakina kuma a rufe zai zauna.

Muka ci gaba da karatu har kwana tara. Na yi iya ƙoƙarina in karanta kowane suna da murya ɗaya. Abin da kawai na lura shi ne, daga rana ta huɗu Majo ya rage tsayar da ni. Yakan saurara har in kai inda za mu tsaya, ya ce madalla, sai gobe. Na ɗauka gajiya ce, ko kuwa ciwon idon ke damunsa.

Da muka iso ɗinkin, littafin ya zaga hannun Tela da na direba, sannan aka sa ranar yanke zare. Ranar har waɗanda ba su san Faransanci ba sun zo kallo, don labarin jirgin ya riga ya zaga unguwa. Direba ya ce yana nan a kan likitansa. Tela ya ce mataimaki. Ni na ce tunda ni na yi wa Baba karatu, a ɗauke mini, kowa ya ga kamar ladabi ne. Aka juya ga Majo.

"Likita na," in ji shi.

Direba ya yi tsalle yana cewa yau ga shi ga Majo a layi ɗaya. Tela ya sa almakashi, ya miƙo mini in karanta. Da na kai inda aka kama mai gidan burodi, wurin ya kaure. Shekara da shekaru ana jiran ranar da Majo zai kuskure, ga ta ta zo, ba wanda ya raga masa. Direba ya manta shi ma ya faɗi, yana ta cewa ashe gwani ma yakan zame. Majo yana murmushi, yana cewa tsufa ne, a yi masa uzuri.

Da aka watse na kama hannunsa na raka shi gida. Muka yi nisa da shagon. Na kasa daurewa na ce, "Baba, yaya anka yi? Kai da ka hana a taɓa likitan nan shekara huɗu?"

"Na san mai burodi na," ya ce. "Tun rana ta ukku."

Na tsaya cak.

"An ce labarin zuciya a tambayi huska. Ni ban ganin huska yanzu, amma shekara talatin ina sauraren ƙirjin mutane. Ranar hwarko da ta biyu, sunan mutumen nan da na kowa ɗaya kake hwaɗinsu. Rana ta ukku, duk sa'ad da ka iso gare shi sai ka ja numhwashi, ka sassauta, awa mai taka ƙaya. Na ce to, Mushe ya leƙa."

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa kaina. Na ce ya yafe mini. Na ce to don me bai faɗi gaskiyar ba, ya tsira da sunansa?

"In hwaɗa su ce mi ne hujjata? In ce maƙogwaron Mushe? In tona ka gaban direba?" Ya girgiza kai. "Kuma ko ba wanda ya tambaya, abin da na tsinta a bakinka ba nawa ba ne. Mutum biyu sunka rage mini a kaye, shi da mataimaki. Ina so in ga ko zan iya raba su da kaina. Yanzu har in mutu ban sanin ko da na iya."

Na ce zan nemo masa wasu, duk wanda yake so, in karanta masa ba tare da na leƙa ba. Ya ce ya gode, kuma ya san zan yi. Muka iso ƙofar gidansa.

"Na yahe maka, Mushe," ya ce. "Amma na bakwai guda ɗaya na."

Ya zare hannunsa daga nawa, ya lalubi bangon zaure, ya shiga da kansa.